Motar Hawan Dutse da Na Bari a Ƙauyen Lemo

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. Duk wanda ya leƙo shagona a Kwari sai ya ce, "Alhaji Sani, yaya China? Me aka saro?" Idan na ce ban saro komai ba, mota na je sayarwa, sai a fashe da dariya a ɗauka zolaya nake yi, don kowa ya san daga can ake kawo kaya. Na gaji da yanka labarin gunduwa-gunduwa tsakanin ciniki da ciniki, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Wanda ya sake tambaya sai in miƙa masa ya karanta.

Shekara goma sha ɗaya na yi a Guangzhou ina harkar tura wa mutanenmu kaya gida. Da na ɗan tsaya da ƙafata, abu na farko da na saya shi ne wata a-kori-kura ta hannu. Da ita nake kwashe dilolin tufafi daga kasuwar Canaan zuwa sito kusa da filin jirgin Baiyun, safe da yamma, ruwa ko rana. Duk abin da na mallaka a yau ya taɓa hawa bayanta.

Da ta tsufa, aka kuma fara hana irinta shiga tsakiyar gari, sai na kai ta garejin wani bakanike a Huadu don ya nemo mini mai saye. Sunansa Wu, amma Lao Wu kowa yake ce masa, kamar dai a ce Dattijo Wu. Ya zagaya ta, ya kwanta ya leƙa ƙarƙashinta, ya tashi ya ce kada in sayar, ƙashinta yana da kyau. Ashe shi da abokansa suna da wani wasa na marasa aikin yi: su gyara tsofaffin motoci, su kai su cikin duwatsu, su yi ta hawan inda ko jaki sai ya yi shawara. Na bi su sau ɗaya don kallo. Daga ranar na kamu.

Shekara biyu muka yi muna gina ta, ƙarfe bayan ƙarfe. Muka ɗaga ta sama, muka sa mata tayoyin da suka kai min ƙugu, muka lulluɓe cikinta da farantin ƙarfe, muka yi mata kejin bututu don ko ta kife kada ta danne mutum, muka ɗaura mata injin jan igiyar ƙarfe a goshi. Giyarta ta ƙasa kuwa, mai tafiya da ƙafa sai ya wuce ta ya jira. Na raɗa mata suna Akuya. Ranar Lahadi 'yan'uwa suna barci ko kallon ƙwallo, ni ina can na maƙale a gefen dutse, taya ɗaya a sama, ina salati.

Sai na zo gida hutun wata ɗaya, annobar korona ta rufe hanya. Wata ɗaya ya zama shekara biyar. Kafin a buɗe, wasu sun riƙe harkar, ni kuma na buɗe shago, yara sun saba da ganina. Cikin azumin bana Lao Wu ya turo mini saƙon murya. Ya ce za a rushe unguwar da garejinsa yake, shi ma zai koma ƙauyensu ya huta. Takardun Akuya na hawa titi sun ƙare, kuma ba a sabunta wa mai shekarunta. Sunana ne a kanta, ba mai iya sa hannu sai ni. In ban zo na samar mata wuri ba, masu sassara ƙarfe ne za su ɗauke ta.

Da na gaya wa uwargida, ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Baban Ummi, mutane suna zuwa China su dawo da kwantena, kai za ka je bankwana da ƙarfe." Duk da haka ita ta aika Agadasawa aka sayo kilishi, don ta san yadda nake ba da labarin Lao Wu yana ci yana hawaye saboda yaji, yana miƙo hannu a ƙara.

Kwana uku bayan ƙaramar Sallah na tashi daga Kano, muka yada zango a Addis. A can na zauna kusa da wata Hajiya 'yar Gwammaja, zuwanta na farko, ta riƙe jakar hannunta kamar za a ƙwace. Da ta ji na daɗe a can sai ta sako ni da tambaya: da gaske suna cin maciji, da gaske ba a kiran sallah? Na amsa mata cike da taƙama irin ta ɗan gari. Ban san ni ma baƙon zan zama ba.

A Baiyun, jami'in shige da fice ya dubi hoton fasfo, ya dube ni, ya sake duban hoton, har na ji kamar in ba shi haƙuri a kan furfurar da na tara. Ya buga hatimi. Ina murna na wuce, sai ga wani ɗan ƙaramin kare sanye da riga ya zo ya zauna a gaban akwatina, ya ƙi tashi. Aka buɗe. Na yi bayani da ɗan Sinancin kasuwa da ya rage a bakina cewa busasshe ne, tsaraba ce ta wani dattijo. Jami'ar ta saurare ni da ladabi har na gama, ta nuna mini allon da aka zana nama aka ja masa jan layi, ta ɗauke kilishina gaba ɗaya. Dokarsu ce, na kuma san da ita tun dā, mantawa na yi. Amma har yau ban yafe wa karen nan ba.

A waje na tare tasi na miƙa takardar kuɗi, direban ya riƙe ta da yatsu biyu kamar na ba shi tsohon rasit. Yanzu komai da waya ake biya, har mai sayar da dankalin gashi a bakin titi, ni kuwa layina na can ya daɗe da mutuwa. Isufu ne ya cece ni. Mutumin Maraɗi ne, mai saro takalma, na san shi tun yana sabon zuwa yana ɓacewa a jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ya iso yana dariya, ya haska waya a kan wani zanen lambar biya da ke manne a tasin, ta yi ƙara, magana ta ƙare.

"Alhaji, kai da ka koya muna gari, yau kai aka ja kamar makaho," in ji shi. "Duniya kenan, patoron." Haka mutanen Nijar suke ce wa maigida.

Lokacin ana shirin baje kolin Pazhou, masauki ya yi wuya. Otal uku muka shiga, kafin mu buɗe baki sai a kaɗa hannu a ce "meyo", wato babu. Kalmar nan dai ba ta tsufa ba. Ƙarshe a ɗakin Isufu na sauka a Sanyuanli, hawa na bakwai, ba na'urar hawa, katifata tsakanin kwalayen silifa. Washegari muka je ofishin 'yan sanda aka rubuta inda na sauka, kamar yadda ake yi wa kowane baƙo.

Na ce ya kai ni gidan tuwon nan da muke cika ranar Juma'a, inda wata mata 'yar Kumasi take yin miyar kuka kamar a Fagge. Ya ce ta koma gida tuntuni. Na tambayi wane, ya koma Dubai. Wane fa? Ya rasu. Sai na daina tambaya. Muka ci taliyar Musulmin China, wadda ake ja da hannu a gabanka, a shago mai koren allo. Tana nan yadda na san ta, ni ne dai na ci ba daɗi. A Canaan wata mai shago ta gane ni daga nesa, ta taso tana cewa, "Lawban," wato maigida, "ka yi ƙiba, ka tsufa." Su a wurinsu wannan kulawa ce. A Kano ka gaya wa mutum haka a gaban jama'a, ka ga ko zai sake amsa sallamarka. Amma wallahi na ji daɗi, don ita ce ta farko da ta nuna na taɓa zama a garin.

Rana ta uku muka tafi Huadu. Rabin layin an riga an rushe. Lao Wu yana zaune a bakin gareji, ya rame, haƙoransa sun ragu. Bai rungume ni ba, ba sa yi. Ya buge ni a kafaɗa ya ce, "Sani, ka ci abinci?" Gaisuwarsu kenan. Mu sai mu tambayi gida da iyali da gajiya da sanyi, su cikinka kawai suke tambaya. Na ba shi labarin kilishi, ya yi dariya har da tari, ya ce karen ya san abu mai kyau.

Ya zaunar da mu shan shayi a 'yan ƙananan kofunan nan, zagaye bayan zagaye, ni kuwa idona yana kan wani tamfol a ƙuryar gareji. Ya lura, amma sai da ya gama shayinsa. Sannan ya tashi ya yaye.

Tana nan. Fentinta ya dusashe, amma ba ƙura a jikinta. Ya ce duk mako yana tayar da ita, ya matsa da ita gaba, ya dawo da ita baya, don kada tayoyin su kwanta. Shekara biyar. Na hau, na zauna, kujerar ta karɓe ni daidai inda na lotsa ta. Na murɗa makulli ta amsa a bugu ɗaya. Sai na kau da fuska na yi kamar ina duba madubi.

Lao Wu ya ce masu saye biyu ne. Na farko masu sassara ƙarfe, su a sikeli za su auna ta. Na biyu wani saurayi ɗan masu hali, sabon shiga wasan, ya ga hotunanta yana so ya gwada. Muka sa ranar Asabar.

Tunda ba ta hawa titi, a bayan babbar mota aka ɗora ta, muka bi ta a baya awa biyu da wani abu zuwa arewa, cikin duwatsu. Akwai wani ƙauyen manoman lemo da muke sauke motoci a harabar wani manomi mai suna A Fung, mu sayi ruwa a wurinsa, in yi sallah a ƙarƙashin rumfarsa. Ya fito ya tarye mu kamar jiya muka rabu. Hanyar ranar cike take da mutane ɗauke da fartanya da furanni, don lokacin bikinsu ne na share kaburbura, wanda kowace shekara iyali suke hawa wurin kakanninsu su nome ciyawa su gyara.

Saurayin ya iso cikin sabuwar mota mai ƙyalli, da tabarau da safar hannu. Muka rage wa Akuya iskar taya don ta kama dutse da kyau, na ba shi makulli na zauna a gefensa. A wannan wasa direba ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin tayarsa. Wani ne yake tsayawa a gaba yana nuna masa da hannu, dama kaɗan, hagu kaɗan, tsaya, kai kuwa ka ba shi idonka gaba ɗaya. Lao Wu ya tsaya yana nuni, yaron nan ko kallonsa bai yi ba. Ya taka mai kamar ana binsa. Cikin Akuya ya daki dutse, na ji shi har cikin haƙorina.

Da muka sauko ya fito da waya ya rubuta farashi ya nuna mini. Ya fi abin da na zata nesa ba kusa ba. Isufu ya taka mini ƙafa. Na tambayi yaron inda zai riƙa ajiye ta. Ya ce ai ba ajiye ta zai yi ba. Ƙafafunta yake so, da injin jan igiya, da giya, zai mayar wa tasa. Gangar jikin kuwa a kai wa masu sikeli. Ya faɗa ba da mugunta ba, yadda mahauci zai yi maganar sa.

Na ce zan yi shawara. Ya ce yana nan har yamma, ya tafi wasa da abokansa.

"Alhaji, wanga ba abin shawara ba ne," in ji Isufu. "Kuɗin jirginka sun fito har da riba. Ka sallama mu tahi."

Gaskiya ya faɗa, ni ma ɗan kasuwa ne. Amma na zauna a rumfar A Fung zuciyata ta yi nauyi, ina ganin na ƙetare rabin duniya don in kai ta mayanka da hannuna.

Ina nan zaune A Fung ya zo ya tsuguna kusa da Lao Wu suna magana ƙasa-ƙasa da yaren ƙauye, wanda ba na ji. Lao Wu ya juyo ya fassara mini. Wata alfarma yake nema, yana jin kunya. Kabarin mahaifinsa yana can saman dutse, a ƙarshen tsohuwar gonarsu. Shekara uku da suka wuce ruwa ya zabtare hanyar, ko ƙaramar tarakta ba ta hawa. Shi yana hawa da ƙafa, amma mahaifiyarsa ta haura tamanin, gwiwoyinta sun ƙi. Duk shekara sai ta shirya kayanta ta zauna a bakin ƙofa tana kallon dutsen har masu hawa su sauko. Tunda ga mota ta zo, ko zan taimaka?

Muka ɗaga tsohuwar muka zaunar da ita a gaba, muka ɗaure ta da bel, muka tokare ta da matasai. Ba ta fi yarinya 'yar shekara goma nauyi ba. Ta rungume kwandonta a cinya. A Fung da Isufu suka hau baya da fartanya, Lao Wu ya wuce gaba da ƙafa yana tafiya da baya-baya, hannunsa a sama.

Ban taɓa tuƙi irin na ranar ba. Dā don jin daɗi nake hawa, in an kife a yi dariya. Yau ga uwar wani a gefena. Na sa giyar ƙasa na ɗauke ƙafata daga mai, na bar Akuya tana taka duwatsun ɗaya bayan ɗaya, idona a kan yatsun Lao Wu. A inda ruwan ya zabtare, tayar gaba ta tashi sama, motar ta karkata har na hango ƙasan kwari ta tagar tsohuwar. Na ji Isufu a baya yana karanto duk addu'ar da ya iya. Na saci kallon tsohuwar, sai na ga dariya take yi, baki ba haƙori ko ɗaya, tana bubbuga gaban motar da tafin hannu kamar mai lallashin jaki. Muka ɗaure igiya a wata bishiya, injin ya ja, muka haye.

A sama na koma gefe na ba su wuri. Suka nome ciyawa, suka wanke dutsen kabarin, suka jera lemo da shayi, suka kunna turare da takardu. Ba addinina ba ne, ban kuma sa hannu ba. Ni da Isufu muka yi azahar a bayan mota. Amma ina jin muryar tsohuwar tana yi wa mijinta magana, doguwar magana, har da faɗa-faɗa, kamar wadda ta tara labarin shekara uku.

Mu ba ma gina kabari, kuma na yarda hakan ne daidai, addu'a tana isa ko daga ina. Sai dai mahaifina ya rasu ina Guangzhou ina loda kaya. Kafin in iso an yi bakwai. Ƙanena ya kai ni maƙabarta ya nuna mini, bayan damina biyu na koma ban gane wurin ba. A kan dutsen nan na tuna da shi, kewarsa ta kama ni yadda ba ta taɓa yi ba, na zauna a kan taya na yi masa addu'a na daɗe.

Na sauko da su lafiya. A harabar gida A Fung ya yi ta zagaya motar yana shafa tayoyin. Ya ce wa Lao Wu da yana da irinta, da ya farfaɗo da gonar sama, hanyar tasu ce, ba ruwan kowa da takarda. Lao Wu ya gaya masa abin da saurayin ya taya, A Fung ya yi murmushi ya janye hannunsa. Na ce a tambaye shi abin da zai iya. Ya daɗe kafin ya faɗa, kansa a ƙasa. Bai kai rabi ba.

Na kama hannunsa na ce, "Na sallama." Da Hausa na faɗa, kuma ya gane.

Isufu ya riƙe baki. "Alhaji, ashe akwai Bakanon da ba ya son riba. In na ba da labarin ga a Maraɗi, cewa za a yi ƙarya nike." Lao Wu ya juya baya yana neman sigarinsa a aljihun da ba ya ciki. Shi ya je ya ba saurayin haƙuri, shi kuma ya ɗauki nauyin zirga-zirgar takardu, na sa hannu a inda ya nuna.

Sun manta fartanya a sama, sai Lao Wu ya ce to ga darasi na farko. A Fung ya hau kujerata, ya matso da ita gaba don ƙafarsa ba ta kai ba. Lao Wu ya wuce gaba, hannu a sama. Na tsaya a harabar ina kallo. Duk shekarun nan ina cikinta, ban taɓa ganin yadda take hawa daga waje ba. Ashe haka take da kyau, tana ɗaga ƙafa ɗaya tana ajiyewa a hankali, tana rangaji. Direban babbar motar ya yi ta danna oda, zai koma ba kaya. Isufu ya ce mu tafi. Na ce su bari ta sha kwana tukuna.

Tsohuwar tana zaune a bakin ƙofa. Da na zo yi mata sallama ta kama hannun rigata ta ƙi saki, tana ta magana. Sai da Lao Wu ya sauko ya fassara. Wai ɗanta garaje gare shi, ba ta yarda da tuƙinsa ba. Baɗi war haka in zo da kaina in hau da ita.

Na dube ta, ta dube ni. Ta haura tamanin, ni kuma saura kwana shida bizata ta ƙare, ba ni da sauran abin da zai sake kai ni ƙasar. Na ce mata to, in Allah ya kai mu. Ta gyaɗa kai, sannan ta sake mini riga.